Kayan lambu a ƙasar da radiyeshan ya yi wa yawa: yadda ake aunawa da yadda ake gyarawa

Duk ƙasar da ka damƙa da hannu, ta gona ce ko ta lambu, akwai yuraniyom da toriyom da fotasiyom-40 a cikinta. Tun fil azal suna nan, kuma ba su da ranar ƙarewa a zamaninmu: yuraniyom-238 sai ya shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe, toriyom-232 biliyan 14, fotasiyom-40 biliyan 1.25. Don haka wanda ya tambaya ko akwai radiyeshan a ƙasarsa, amsar a kullum e ce. Abin da ake son sani shi ne wane sinadari ne ya yi yawa, nawa ne daga cikinsa ke narkewa ya bi saiwa, nawa ne kuma ke isa bakin mai ci. Tsakanin abin da ke cikin ƙasa da abin da ke cikin kwano akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin wannan tazarar ne ake yawan yin kuskure, wasu su tsorata a banza, wasu su saki jiki inda bai kamata ba.

Ma'auni biyu za mu riƙa amfani da su. Bekarel, da ake taƙaitawa Bq, yana nufin ƙwayar zarra ɗaya ta tarwatse a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ne ke nuna yawan sinadarin. Milisibat, wato mSv, shi ke nuna abin da jiki ya sha. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin illar radiyeshan, UNSCEAR, ya ba da matsakaicin ƙasa a rahotonsa na 2000: fotasiyom-40 kusan Bq 400 a kilo, yuraniyom-238 da radiyom-226 kusan 35 kowanne, toriyom-232 kusan 30. Mutum kuma yana shan kimanin mSv 2.4 a shekara daga radiyeshan na halitta, wanda kusan 0.3 daga ciki ta abinci da ruwan sha yake shiga. Riƙe waɗannan alƙaluma, da su za ka gwada naka.

Mataki na farko: bincika tarihin filin

Kafin a taɓa na'ura, a san abin da aka taɓa yi a wurin. Wani lokaci halittar wurin ce haka: rairayin ma'adinin monazait na gaɓar Kerala a Indiya da na Guarapari a Brazil cike yake da toriyom, a Ramsar ta Iran kuwa maɓuɓɓugan ruwan zafi ne suka daɗe suna ajiye radiyom a saman ƙasa. Ƙasar da ta fito daga duwatsun giranit ma takan ɗara matsakaici. Amma galibin lambunan da ke da matsala, aikin ɗan Adam ne ya tara musu: ragowar ƙasar da aka zubar bayan haƙar yuraniyom ko kuza, tokar kwal, ruwan gishirin da ke fitowa tare da ɗanyen mai da tsatsar da yake bari a cikin bututu, da kuma farin garin jifsam da masana'antun takin fosfet ke tarawa tsibi-tsibi. Dutsen fosfet irin na Maroko da Florida yakan kai Bq 1,500 na yuraniyom a kilo. Idan aka sarrafa shi da asid, yawancin yuraniyom ɗin yana bin takin, yawancin radiyom ɗin yana zama a cikin jifsam ɗin.

Tambayi ko an taɓa ciko a wurin, daga ina aka kwaso ƙasar cikon, ina ruwan sama ke gangarowa daga, kuma ta ina iska ta fi kaɗawa. Filin da ke ƙasan tsibin sharar ma'adinai, ko wanda iska ke kawo masa ƙurarta, yana iya gurɓata ko da ba a taɓa zuba masa komai ba.

Mataki na biyu: zagaya da na'urar auna gama

Nemi na'urar hannu mai auna hasken gama, wato nau'in radiyeshan da ke ratsa abubuwa ya yi nisa, wadda aka daidaita ta kwanan nan. Fara da wani fili mai irin ƙasar naka da ka tabbata ba a taɓa shi ba, ka auna shi a matsayin abin gwadawa. Sannan ka raba naka gida-gida, mita 5 ko 10 kowane gefe, ka riƙe na'urar mita ɗaya daga ƙasa, ka jira lambar ta natsu kafin ka rubuta. A yawancin wurare za ka ga tsakanin maikrosibat 0.05 da 0.2 a awa (maikrosibat kashi ɗaya ne cikin dubu na mSv). Inda ka ga ya ninka na filin gwaji sau biyu ko uku, kafa turke, sannan ka sauke na'urar dab da ƙasa ka bi har ka gano iyakar wurin.

Wannan na'ura aikinta ke nan, nuna inda za a ɗebi ƙasa. Ba ta iya gaya maka ko latas ɗinka yana da radiyom. Masu ɗora ƙaramar na'ura a kan ganye su ce "ai ba ta yi ƙara ba" ba su auna komai ba, domin 'yan bekarel ɗin da ke cikin kilo ɗaya na ganye sun nutse a cikin hasken da ke zuwa daga ƙasa da sararin sama. Foloniyom-210 kuwa, wanda ya fi sauran illa a kowane bekarel, kusan ba ya fitar da gama ko kaɗan.

Mataki na uku: san halin kowane sinadari

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimta, don duk shawarar da za ta biyo baya daga nan take fitowa. Saiwa ba ta shan dutse, abin da ya narke a ruwan ƙasa kawai take ja. Ana auna wannan da ma'aunin tsotsa: yawan bekarel a kilo na busasshen tsiro, a raba da yawan bekarel a kilo na busasshiyar ƙasa. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta tattara irin waɗannan alƙaluma a 2010. Ga kayan ganye, matsakaicin radiyom yana kusa da 0.09, na yuraniyom kusa da 0.02, na toriyom kuwa kusa da 0.001. Daga wata ƙasa zuwa wata, lambar sinadari ɗaya tana iya bambanta sau goma har sau ɗari, don haka kada a ɗauke su kamar hatimi. Amma jerin ba ya cika sauyawa: radiyom a gaba, toriyom a can baya.

Radiyom shi ne abin sa wa ido. Ɗan gidan su kalsiyam ne a tsarin sinadarai, sai ya yi wa saiwa shigar burtu, ta ja shi tana zaton kalsiyam ne. Yana bin ruwan da ke hawa zuwa ganye, ya taru a can, musamman a tsofaffin ganyaye, kuma da wuya ya sake komawa cikin 'ya'ya ko ƙwaya. Shi ya sa a fangali ɗaya alayyafo da latas za su fi tumatir da tattasai ɗaukarsa nesa ba kusa ba. Ƙasa mai rairayi, mai tsami, mai ƙarancin kalsiyam ita ta fi sakinsa. Laka da ruɓaɓɓen taki suna riƙe shi, salfet kuma yana ɗaure shi ya hana shi narkewa. Iri biyu ne: radiyom-226 daga zuriyar yuraniyom, wato jerin sinadaran da yake rikiɗewa ya zama, mai rabin rikiɗa a shekara 1,600, da radiyom-228 daga zuriyar toriyom, mai shekara 5.75. Na biyun ana yawan mantawa da shi, alhali ya fi na farkon illa idan aka ci. Dukansu a jikin mutum ƙashi suke nufa.

Yuraniyom yana narkewa idan akwai iska a cikin ƙasa, amma yawancin wanda tsiro ya ja a saiwa yake maƙalewa, kaɗan ne ke hawa sama. Halinsa yana da murɗiya: a ƙasa mai tsami sosai yana narkewa, a tsaka-tsaki yana lafewa a jikin laka da tsatsar ƙarfen ƙasa, idan kuma ƙasar ta wuce pH 7 (pH ma'aunin tsami ne, ƙasa da 7 tsami ke nan) kuma akwai kabonet, sai ya sake narkewa. Fosfet yana ɗaure shi. Ga mai ci, damuwar yuraniyom ta fi karkata ga ƙoda, don a matsayinsa na ƙarfe mai guba yake fara yin ɓarna kafin radiyeshan ɗinsa.

Toriyom kusan ba ya narkewa. Idan gwaji ya nuna shi da yawa a ganye, to ƙasa ce ta manne a jikin ganyen. Wannan ya kawo mu ga ƙofa ta biyu da ake rainawa: ƙura da tartsatsin ruwan sama. Ɗan lissafi zai nuna girmanta. Idan a kowane kilo na busasshen ganye akwai gram 10 na ƙasa da ta manne, wato kashi ɗaya cikin ɗari, wannan kaɗai ya ba da ma'aunin 0.01, ya ninka abin da saiwa ke ja na toriyom sau goma. Ganyaye masu gashi-gashi ko masu lanƙwasa, da tsire-tsire gajeru da ke kwance kusa da ƙasa, su suka fi tara ta.

Dalma-210 da foloniyom-210 kuma daga sama suke saukowa. Radon, iskar da radiyom-226 ke haifa, tana fita daga ƙasa ta shiga sarari, ta rikiɗe, 'ya'yanta su maƙale a ƙura su sauka a kan ganye da ruwan sama ko raɓa. Ta wannan hanya ganyen taba ke samun nasa foloniyom ɗin. Ganye mai faɗi da ya daɗe a fili ya fi tarawa, ko da ƙasar da ke ƙarƙashinsa tsaf take.

Saura fotasiyom-40, wanda shi ne zai fi kowa girman lamba a takardar gwaji, wani lokaci sama da Bq 1,000 a kilo na busasshen ganye. Bar shi. Kowane gram na fotasiyom a duniya yana ɗauke da kusan Bq 31, tsiro kuma ba ya rayuwa sai da fotasiyom. Jikin babban mutum yana riƙe da kusan Bq 4,000 kullum, kuma ƙoda tana zubar da duk abin da ya ƙaru. Cin ƙarin ganye ba ya ƙara maka komai ta wannan fuska. Rahotanni da yawa suna tara fotasiyom-40 da sauran su fitar da jimilla mai ban tsoro, wannan lissafin banza ne.

Mataki na huɗu: ɗibar samfur

Ƙasa. A kowane ɓangare da ka ware, tona wurare 10 zuwa 15 a warwatse, daga sama zuwa zurfin santimita 20, inda yawancin saiwar kayan lambu take. Haɗa su a bokiti mai tsabta, cire duwatsu da saiwoyi, gauraya sosai, ka ɗebi kilo ɗaya zuwa biyu a leda mai kauri. Kada ka haɗa ƙasar wurin da na'ura ta yi sama da ta sauran filin, za ka tsarma ta ne matsalar ta ɓuya. Idan ana zargin an binne shara, ƙara wani samfur daga santimita 20 zuwa 50. Wanke shebur tsakanin ɓangare da ɓangare. Ware ɗan kaso don gwajin pH, kalsiyam, da yawan laka da ruɓaɓɓen abu, domin ba tare da su ba lambobin radiyeshan ba sa bayyana komai game da tsotsa.

Tsiro. Ɗebi ɓangaren da ake ci, a lokacin da ake girbinsa, daga daidai wurin da ka ɗebi ƙasar. Ganye kusan duk ruwa ne, busasshen abin da ke cikinsa bai cika wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, saboda haka sai ka tara kilo 3 zuwa 4 kafin a samu gram 250 da na'ura za ta iya karantawa. Karas yana da kusan kashi 12, dankali kusan 20. Raba samfurin biyu: rabi a wanke shi yadda ake wankewa a kicin, rabi a bar shi yadda aka tsinko. Bambancin sakamakon biyun shi zai gaya maka ko saiwa ce ƙofar ko ƙura. Auna nauyin ɗanyen nan take ka rubuta, tare da ranar girbi. Wanda ya manta da nauyin ɗanye ya ɓata lissafin gaba ɗaya.

Ruwa. Idan da rijiya ko burtsatse ake ban ruwa, bar famfo ya yi gudu na 'yan mintuna, sannan ka cika jarka mai tsabta gwargwadon yadda ɗakin gwaji ya nema. Sukan zuba asid kaɗan don kada sinadaran su lafe a jikin roba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai gishiri da ƙarancin iska shi ya fi ɗaukar radiyom, mai iska da kabonet kuma yuraniyom. Ma'aunin tantancewa na Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha shi ne Bq 0.5 a lita na jimillar alfa da Bq 1 na jimillar beta (wasu nau'o'in radiyeshan biyu ne ban da gama), yuraniyom kuma maikrogram 30 a lita. Na sha ne ba na ban ruwa ba, amma ruwan da ya wuce su kada a watsa shi a kan ganye kafin a bincika.

Mataki na biyar: abin da za ka nema a ɗakin gwaji

Za su busar da ƙasa a zafin digiri 105, su tankaɗe ta da rariyar milimita 2. Tsiro ana busar da shi a digiri 60 zuwa 80 har nauyinsa ya daina raguwa, a niƙa. Wasu sukan ƙona shi ya zama toka a digiri 450 don a tattara sinadaran a ƙaramin wuri, wannan yana da kyau ga radiyom da yuraniyom, amma foloniyom yana bin hayaƙi ya gudu. Idan kana son a auna foloniyom, faɗa tun farko a ware kason da ba za a ƙona ba, kuma a yi shi da wuri, don rabinsa yana rikiɗewa a kwana 138 yayin da dalma-210 da ke cikin samfurin ke ci gaba da haifar da sabo.

Daga nan sai a zuba garin a mazubi, a rufe shi ruf, a ajiye mako huɗu. Dalili: ba a cika auna radiyom-226 kai tsaye ba, ta jikokinsa ake gane shi, dalma-214 a layin 352 keV da bismut-214 a 609 (layi shi ne ƙarfin hasken gama da kowane sinadari ke fitarwa, keV kuma ma'auninsa), kuma tsakaninsa da su akwai radon, mai rabin rikiɗa a kwana 3.8. Sai radon ya taru ya daidaita da uwarsa kafin lambar ta zama gaskiya. Mazubin da ke yoyon iska, ko gwajin da aka yi bayan mako ɗaya, zai ba da lamba ƙasa da ta ainihi. Wanda ya ce zai kawo maka sakamakon radiyom cikin kwana uku, tambaye shi ta wace hanya. Na'urar auna gama ta jamaniyom mai tsabta ta fi ta sodiyom ayodaid rarrabe layuka, kuma samfurin tsiro yakan buƙaci yini guda cur ko fiye a cikinta.

Akwai kuskuren da ya cika rahotanni, har da waɗanda aka wallafa. A ƙasar da ba a taɓa ba, uwa da 'ya'yanta suna daidai, don haka ana iya auna aktiniyom-228, ɗan radiyom-228 kuma jikan toriyom-232, a layin 911 a ce toriyom-232 ne. A cikin tsiro wannan daidaito ya karye, domin saiwa ta zaɓi radiyom ta bar toriyom. Abin da layin 911 ke nunawa a ganye radiyom-228 ne. Haka kuma bismut-214 a ganye radiyom-226 yake nunawa, ba yuraniyom-238 ba. Sunan da aka liƙa yana da tasiri a lissafi: a kira radiyom-228 da toriyom-232 ya rage illar sau uku, a kira radiyom-226 da yuraniyom ya rage ta sau shida. A sharar da aka sarrafa da asid ma daidaiton a karye yake. Yuraniyom da toriyom na ainihi sai a auna su da na'urar ICP-MS, mai tantance sinadarai ta nauyin zarrarsu, ko ta hanyar auna alfa. Nemi a rubuta maka layin da aka yi amfani da shi, mafi ƙarancin abin da na'urar ke iya gani, da ko lambar ta busasshe ce ko ta ɗanye.

Mataki na shida: lissafi

Abin da mutum ya sha a shekara shi ne bekarel a kilo na ɗanyen abinci, sau kilo nawa yake ci a shekara, sau illar kowane bekarel. Hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshan, ICRP, ta ba da wannan illa ga babban mutum a maikrosibat: yuraniyom-238 0.045, toriyom-232 0.23, radiyom-226 0.28, radiyom-228 0.69, dalma-210 0.69, foloniyom-210 1.2.

A ƙaddara ƙasa mai Bq 500 a kilo na radiyom-226 da wani 500 na radiyom-228, wato fiye da ninki goma na matsakaici. Da ma'aunin tsotsa 0.09, busasshen ganye zai samu Bq 45 na kowanne. Idan busasshen abu kashi 8 ne, ɗanyen ganye yana da 3.6 a kilo. Mai cin kilo 40 a shekara ya ci Bq 144 na kowanne: radiyom-226 ya ba shi mSv 0.04, radiyom-228 ya ba shi kusan 0.1. Jimilla 0.14. Ƙa'idojin IAEA na 2014 sun sa kimanin mSv 1 a shekara a matsayin mizanin da ake dubawa ga abinci, don haka da sauran tazara. Amma sauya abu biyu ka gani. Idan ƙasar rairayi ce mai tsami, ma'aunin tsotsa ya ninka sau biyar, jimillar ta kai 0.7. Idan kuma yaro ɗan shekara ɗaya ne, illar radiyom-228 gare shi maikrosibat 5.7 ce a bekarel, ta radiyom-226 kuma 0.96, to kilo 10 kawai a shekara daga ƙasar farko ta ba shi kusan mSv 0.24, ya fi na babba da ya ci ninki huɗu. Kullum a yi lissafin da mafi ƙanƙantar mai ci a gidan.

Kada kuma a manta da mai noman kansa. A wannan ƙasa ta misali, idan zuriyoyin biyu suna daidai, hasken gama da ke tasowa yana ba jiki kusan maikrosibat 0.37 a awa, mai aiki awa 1,000 a shekara a kanta zai sha kusan mSv 0.37 ba tare da ya ci komai ba. Sau da yawa tsayuwa a filin, shaƙar ƙurarsa, shan ruwan rijiyarsa, da radon a ɗakin da aka gina da ƙasarsa sun fi ganyen illa.

Mataki na bakwai: gyara

Idan wurin da na'ura ta nuna radiyeshan mai yawa ƙarami ne, a daina noma shi, a rufe shi da ƙasa mai tsabta da ciyawa. Kada a kwashe ƙasar a kai wani wuri ba tare da sanin hukumar da ke kula da radiyeshan a ƙasarku ba, kuma kada a yi bulo da ita.

Inda gurɓatar ta watsu, hanya mafi tabbas ita ce ɗagaggen fangali. Shimfiɗa ƙyallen da ruwa ke ratsawa amma saiwa ba ta hudawa, ka kewaye da katako ko bulo, ka cika da ƙasar da aka gwada. Zurfin santimita 30 ya isa kayan ganye, masu saiwa kamar karas suna son 45 zuwa 60. Fangali mai faɗin mita 1.2, tsawon mita 3, zurfin santimita 40 yana cin ƙasa kusan kubik mita ɗaya da rabi. Abin da ke lalata wannan aiki shi ne hanyoyin da ke tsakani: idan aka bar su tsirara, ruwan sama da takalmi da iska za su mayar da tsohuwar ƙasar kan ganye cikin damina ɗaya. Rufe su da tsakuwa ko ɓawon itace.

Idan dole a ƙasar wurin za a yi noma, fara da tsami. Ƙasar da ke ƙasa da pH 6, a zuba mata garin farar ƙasa na noma, ana nufin 6.5. A rairayi fara da gram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, laka tana cin ninki biyu ko uku. Gauraya shi cikin santimita 20 na sama, ka sake auna pH bayan wata biyu zuwa uku. Amfaninsa biyu, yana rage tsami, kalsiyam ɗinsa kuma yana gasa da radiyom a bakin saiwa. Kada a zarce 7, musamman inda yuraniyom ne matsalar, don kabonet zai narkar da shi ya gangara rijiya. Ƙasar da ba ta da tsami amma tana ƙarancin kalsiyam, jifsam na dutse ya fi dacewa. Na masana'antar taki kuwa sai da takardar gwaji, a Amurka ba a yarda a zuba shi a gona ba idan radiyom-226 ɗinsa ya wuce Bq 370 a kilo. Ƙara ruɓaɓɓen taki daga wuri mai tsabta. Takin fosfet a sa shi gwargwadon buƙatar tsiro kawai, don shi ma yana kawo nasa yuraniyom ɗin.

Sauya abin shuka. Masu 'ya'ya a sama, kamar tumatir, tattasai, kokwamba da wake, da masu ƙwaya kamar masara, su ne na wannan ƙasa. A ɗaga su a kan sanda kada 'ya'yan su taɓa ƙasa. Kayan ganye da masu saiwa su koma ɗagaggen fangali. Rufe fuskar ƙasa da ciyawa ko leda don kashe tartsatsi, a ba da ruwa ta gindi maimakon watsawa ta sama, kada kuma a yi huɗa ranar da ƙasa ta bushe iska na kaɗawa.

Akan ji ana cewa a shuka wasu tsire-tsire su tsotse gurɓatar. A cikin ruwa, saiwar fulawar rana tana jan yuraniyom sosai, kuma zuba asid ɗin lemon tsami a ƙasa yana sa wasu dangin kabeji su ja shi da yawa. Amma ga mai lambu wannan ba hanya ba ce. Santimita 20 na sama a murabba'in mita ɗaya ya kai kilo 250 na ƙasa, tsiron da zai fito a kai da wuya busasshensa ya wuce kilo ɗaya, da ma'aunin 0.09 kuwa abin da girbi ɗaya zai cire bai kai kashi ɗaya cikin dubu biyu ba. Asid ɗin kuma yana iya kora yuraniyom cikin ruwan ƙasa kafin saiwa ta kama shi.

Mataki na takwas: girbi, kicin da sake gwaji

Yanke ganye sama da ƙasa maimakon tugewa, a zubar da ganyayen waje na kabeji da latas da tsofaffin ganyen gindi. A wanke a ruwa mai gudu, ko a sauya ruwa sau uku, ana ɗago ganyen daga cikin kwano maimakon tsiyaye ruwan a kansa, don ƙasar da ta kwanta kada ta koma. Karas da dankali a goge su da buroshi sannan a fere. Zafin wuta ba ya kashe radiyeshan, amma tafasawa a zubar da ruwan yana fitar da wani kaso. Busar da ganye kuma tattara sinadarin yake yi, kilo ɗaya na busasshe daidai yake da kilo goma ko fiye na ɗanye. Ɓawo, tsofaffin ganye da saiwoyi daga gurɓataccen fili kada su shiga ramin taki ko abincin dabbobi, kada kuma a ƙona su a watsa tokar a fangali.

Bayan gyara, sake gwada irin tsiron da ka gwada da farko, daga wuri ɗaya, a ɗakin gwaji ɗaya, a girbin da ya biyo baya. Daga nan duk shekara biyu zuwa uku, ko nan take idan an yi ambaliya, an sauya rijiya, ko an kawo sabuwar ƙasa. pH kuwa a duba shi kowace shekara, domin ruwan sama da takin naitrojin suna mayar da tsami a hankali, kuma da zarar ya sauko ƙasa da 6 radiyom zai sake samun hanya zuwa ganye.